Ban Juya Shi Ba

Tun da na fara ba ku labarin nan, saƙon da ya fi yawa a wayata guda ne: "Wai me mahaifiyarki take jira?" Wata baiwar Allah ma shafi guda ta rubuto tana koya min yadda ake shawo kan uwa. Na gode. Amma ku ɗan sassauta wa Mama, don yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba, in kun gama karantawa sai ku sake raba laifin.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: shekarata ashirin da tara, ni ce auta a gidanmu, aikina ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Wanda ke nemana tela ne, kuma Tela kowa ke ce masa, har ni. Dogo ne, mai sanyin magana, in yana tafiya yakan ɗan jingina ga ƙafar hagu. A kwatangwalonsa na dama akwai harsashi, shekara biyar ke nan. Ba soja ba ne, ba ɗan fashi ba ne, ba ma da shi ake faɗan ba. Yana tsaye a bakin shagonsa yana duba kalar zare a hasken rana, wasu suka biyo wasu a guje ta layin, aka buɗe wuta. Ya juya zai shige ciki, sai ya ji kamar an maka masa guduma ta baya. Iyakar tarihin ke nan.

Sharaɗin Mama ɗaya ne tak: a cire harsashin, sannan a sa rana. Ni kuma shekara guda ina ce mata ba ta san abin da take nema ba.

Asabar, mako biyu da suka wuce, ya zo gida da la'asar. Da na ji tsayuwar babur ɗinsa na leƙa ta labule. Farar riga mai dogon hannu, wando ruwan toka, leda a hannu. Na ga ya ƙara wa bel ɗinsa huda. Na gani, na wuce, kamar yadda na saba wuce abubuwa da yawa a watannin nan.

Falonmu ba wani girma gare shi ba. Kujeru uku da Mama ta lulluɓe hannuwansu da farin yadi, agogon bango da ya yi gaba da minti goma tun zamanin mahaifinmu, da kabad cike da farantan tangaran da ban taɓa ganin an ci abinci a cikinsu ba. Kaka, wato mahaifiyar Mama, tana kan kujerarta ta kusa da fanka, ta miƙe ƙafa a kan kwali.

"A'a, ga angona," in ji Kaka. "Matso in gan ka. Har yanzu ajiyar mutane na jikinka? Mai ita bai zo karɓa ba?"

Ya durƙusa da ƙyar ya gaishe ta. "Bai zo ba, Kaka. In ya zo sai ya kawo shaida."

"Ka ce masa an daɗe da cinye ta."

Mama ta ajiye masa shinkafa ta koma gefe tana ninke wanki, amma idonta na kan cokalinsa. Loma uku ya yi ya ajiye. Ta miƙe ta ce, "Auta, zo ki kama min tukunya." Babu wata tukunya a wuta, na sani, amma na bi ta kicin.

"Ni dai ban canja magana ba," ta ce tun kafin in rufe ƙofa.

"Mama, sau nawa zan yi bayani? Harsashi ba ƙaya ba ce da za a sa allura a tsokano. Ɓarnar da zai yi ya gama ta a daƙiƙar da ya shiga. In ya kwanta cikin tsoka, jiki yakan yi masa ɗan ɗaki ya rufe, su zauna lafiya har tsufa. Wurin tono shi ne ake yanke jijiya, jini ya ɓalle, a bar mutum yana jan ƙafa. A fim ne kawai likita ke zaro harsashi ya jefa a kwano ya yi ƙwal, mara lafiya ya buɗe ido ya nemi shayi."

Masu karatu, duk abin da na faɗa mata gaskiya ne. Har gobe gaskiya ne. Ku riƙe wannan.

Mama ta goge hannunta a zani. "Na ji. Ke kika yi karatu. Ni abin da na sani, yaron nan da ya fara zuwa gidan nan faranti yake sharewa ya waiwayi tukunya. Yanzu dubi."

"Gyambon ciki ne. Yana shan magani."

"Wata takwas?"

"Mama…"

"Ban san sunan jijiya ko ɗaya ba, Auta. Amma in mutum na ƙarewa a tsaye, na sani. Na taɓa gani."

In Mama ta jawo marigayi mahaifinmu cikin magana, magana ta ƙare.

Da muka koma falo, Kaka ta riga ta sa shi a gaba sai ya sake ba ta labarin haɗuwarmu. Ta ji shi ya fi sau ashirin, amma shi ne rediyonta. Shi kuwa ba ya gajiya. Ya ba abokansa, ya ba masu kawo ɗinki, ya ba yayyena, kuma kullum da kalmomi iri ɗaya.

"Ranar nan, Kaka, jibge mu aka yi a baranda kamar buhuna. Wannan ya ja ni, wancan ya ɗaga ni, kowa ya taɓa ni sai in ji raina zai fita. Da aka tura ni ɗakin hoto aka ɗauka sau ɗaya, masu tura gado suka kama ni za su mirgina ni gefe. Sai na ji wata murya ta ce, 'Ku bar shi haka, kada ku juya shi, ya sha wuya.' Na buɗe ido, na ga wata yarinya cikin riga mai nauyi da ta fi ƙarfinta. Na ce a raina, in na tashi, wannan ce."

"Kai dai ka ce ido ka gani," in ji Kaka. "Mutum jini na zuba yana zaɓen mata."

Aka yi dariya, har Mama ta ɗan murmusa. Ni ma na yi. Shekara biyar ina zaune a cikin labarin nan kamar mai sabon ɗaki.

To ga yadda ni na san ranar.

Watana uku da fara aiki. Mutum goma sha bakwai aka kawo cikin awa guda, wasu a bayan mota, wasu a kan babur, ɗaya a baro. Mutane na ɗauka harbi magana ce ta mutum biyu, mai harbi da wanda aka harba. A asibiti ba haka ba ne. Jinin da aka ajiye wa masu haihuwa ya ƙare kafin azahar. Duk wanda aka rubuta wa tiyata ranar an ɗage masa. Wani tsoho da ya zo tun safe da karaya a hannu ya koma gida yadda ya zo, yana ba mu haƙuri, shi da ya kamata a ba.

Shugabana a ɗakin hoto dattijo ne mai furfura a gira. A gabansa Baba muke ce masa, a bayansa Juya-shi, don kalmar ce ba ta barin bakinsa. Duk sabon ma'aikaci sai ya tsayar da shi, ya ɗaga ɗan yatsa a gaban fuskarsa ya ce, "Yatsan nan a kan hancina yake, ko a gabansa?" In ka ce ba ka sani ba, sai ya ce, "To zagayo gefe ka duba." Hoton ƙashi inuwa ce kawai. Tana nuna sama da ƙasa, hagu da dama, ba ta nuna gaba da baya. Shi ya sa ake ɗauka ta gaba, a juya mutum, a sake ɗauka ta gefe. Darasin ranar farko ne.

Ranar harbin, Baba yana ɗakin tiyata da ƙaramar na'ura. Ni kaɗai aka bari, ga layi a ƙofa. Aka shigo da wani dogon mutum yana cizon hannun rigarsa don kada ya yi ihu, tef ɗin awo har lokacin na rataye a wuyansa. Na ɗauki na gaba. Na dubi fuskarsa, na dubi ƙofa, na faɗi abin da na faɗa. Ko tausayi ne ko sauri, na daɗe ban tambayi kaina ba.

Likitan da ya karɓi hoton tun asuba yake tsaye. Ya ɗaga shi a taga, ya ga ƙashi bai karye ba, ya ga inda harsashin ya shiga ta baya, ya motsa ƙafar ta motsu. Ya rubuta cewa yana cikin tsoka, a bar shi. Kwana shida aka sallami Tela. Bayan wata uku ya dawo da sanda yana neman yarinya mai riga mai nauyi. Rigar dalma ce da muke sawa don kare jikinmu daga hasken na'ura, maɗaurinta ya tsinke, ya zauna a benci ya ɗinke min shi da hannu. Daga nan aka fara.

Mu koma kan ledar da ya kawo. Riga ce ya ɗinka min, doguwa, koriya mai duhu, da ƙananan tattara a wuyan hannu. Lahadi da safe na gwada ta a gaban madubi. Ta zauna, amma wani abu na jan gefen hagu. Na cire, na juyo cikinta.

Sai kun san ɗinkin Tela za ku gane. Mutum ne da in ka juya rigarsa ba ka bambance ciki da waje. Amma layin nan daga hammata zuwa ƙugu tafiyar tururuwa yake yi, ya kauce ya dawo, ya kauce ya dawo. Ramukan maɓalli biyar, babu biyu da suka zo daidai.

Na ɗauki waya.

"Malam Tela, wa ya ɗinka min rigar nan?"

"Mai sonki, Mai hoto."

"Mai sona ba ya karkata ɗinki."

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Da can layi goma zai turo yana cewa jikina ne a karkace. Bayan minti shida ya rubuto, "Kawo in gyara."

Litinin da na tashi aiki na biya shagon. Keke biyu, teburin yanka da alli ya ci gefensa, madubi mai tsaga a kusurwa, ƙyallaye a kwando. Kayan mutane sun taru a rataye fiye da yadda na saba gani, yawancinsu ba a taɓa ba. Ya karɓi rigar bai dube ni ba, ya ɗauki almakashi zai farke layin. Almakashin ya suɓuce ya faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka da hagu.

"Miƙo hannayenka," na ce. "Duka biyu. Ɗaga tafin sama, kamar za ka tsayar da mota."

Na hagu ya miƙe. Na dama ya ɗan ɗago, ya yi rawa, ya langaɓe daga wuyan hannu kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu. Gajiya ce."

"Sai me kuma?"

Ya zauna a kan kujerar keke. Cikin na murɗa masa kamar ana matse wanki. Sai ya kwana huɗu bai zaga ba. Bakinsa kullum kamar ya tsotsi ƙusa. Awon mutane da yake riƙewa a ka yanzu sai ya rubuta, wani lokaci ya manta inda ya rubuta. Makon jiya ya daka wa wata mata tsawa a kan zip, shi da ko akuya ba ya daka wa tsawa. Ya je kemis uku da asibiti biyu. An ce gyambon ciki, an ce taifot, an ce ya rage tunani.

"Ka gaya musu akwai harsashi a jikinka?"

Ya dube ni da mamaki. "Me ya haɗa ciki da kwatangwalo? Ba ke kika ce ya zama ɗan gida ba?"

Ni na ce. Na faɗa a falo, na faɗa a kicin, na faɗa a nan ma, kun karanta.

Hannun nan da ya langaɓe na taɓa ganinsa, a littafi, a shekarar ƙarshe ta makaranta, a ƙarƙashin babin gubar dalma. Na tuna shafin, na tuna ma cewa ban karanta shi don jarrabawa ba, don an ce ba ya fitowa.

Talata na shiga ɗakin ajiya. Ɗaki ne mara taga, kantoci har rufi, cike da ambulan masu ruwan ƙasa. Na san shekara, na san wata, ban sha wuya ba. Na kawo hoton na manna a allon fitila. Ga ƙashin kwatangwalo, ga kan ƙashin cinya zagaye a cikin raminsa, ga harsashin fari tas a daidai gefen gaɓar. A bayanta yake, ko a gabanta, ko a cikinta? Hoton bai ce komai ba. Ba zai iya cewa ba.

"Na wane ne?" Baba ne a bayana, da kofin shayi.

"Na wani ne."

"Wanin nan da ya ɗinka mana labulen ɗakin canja kaya?" Ya sa tabarau, ya matso. Ya zura hannu cikin ambulan, ya girgiza ta. "Ina ɗan'uwansa?"

"Babu, Baba."

"Ya ɓace?"

"Ba a ɗauka ba."

Ya kai ido kusurwar hoton, inda mai ɗauka ke sa haruffan sunansa. Ya daɗe yana kallon wurin. Na so ya yi faɗa, da ya fi min sauƙi. Sai ya ce, "Ina tiyata ranar nan." Ya kurɓi shayi. Na zayyana masa abin da ke damun Tela: ciki, da baki, da hannu.

"A tsoka," ya ce, "harsashi baƙo ne mai kunya, inda aka ajiye shi nan yake zama. A cikin gaɓa kuwa, ruwan gaɓar narkar da dalmar yake yi a hankali, kowane taku kuma niƙa ne. Jini ya kwasa ya kai ciki, ya kai ƙwaƙwalwa, ya kai jijiyar hannu. Shekara nawa yana taka keke da ƙafar nan?"



Ya nuna ɗakin ajiya da kofinsa. "Kin ga kantocin can? Ɗaruruwa ne a ciki da aka ce wa a bar shi. Yawancinsu daidai aka yi musu. Nawa ne ba daidai ba? Ban sani ba, ba wanda ya sani, don ba mu taɓa kiran ko ɗaya mun ce dawo mu auna jininka ba. Wanda ya mutu a ranar ake ƙirga shi, a faɗa a rediyo. Wanda ya fita da ƙafarsa kuwa, sai mu ce ya warke, don ba mu sake ganinsa ba. Yana can wani kemis ana ba shi maganin taifot."

Laraba aka ɗebi jinin Tela. Na ce masa gwajin ciki ne, wanda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ba a yin gwajin a wurinmu, sai da aka aika wani wuri, kwana takwas. A kwanakin nan na ci abinci, na yi aiki, na wanke wa Kaka kai. Ban sa koriyar rigar ba. Da sakamakon ya dawo jiya, likitar ƙashi, wata mata mai gajeren zance, ta ja layi biyu a ƙarƙashin lambar ta ce, "A kawo shi gobe. Hoto ta kowane gefe."

Da yamma muna rufe ɗaki, Baba ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ki bari ni zan ɗauka. Harsashi yakan yi tafiya a jiki, kin sani, yana cikin littafi. In aka ce daga baya ya gangara cikin gaɓar, ba wanda zai musa."

"Shi ma ba zai musa ba," na ce.

"Shi ne dai."

Na san wasunku za su ce in karɓa. Na auna shi, kada ku zaci ban auna ba. Maganin ɗaya ne ko na faɗa ko ban faɗa ba. Tiyatar ɗaya ce. Abin da zai canja kawai shi ne labarin da yake bayarwa a falo, kuma a kan labarin nan aka gina komai.

Yau da ƙarfe goma ya zo. Ya shiga bayan labulen da ya ɗinka, ya fito cikin shuɗiyar rigar marasa lafiya da ta tsaya masa a gwiwa. Ya dubi gefenta ya ce, "Wanda ya ɗinka wannan Allah ya yafe masa." Na sa rigar dalma, na ɗaure maɗaurin da ya gyara, har yau bai sake tsinkewa ba. Baba ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce masa ni zan yi.

Na ɗauki na gaba. Sannan na zo kansa, na sa hannu ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a ƙugunsa.

"Juya."

"Yau kuma babu tausayi, Mai hoto?"

"Juya, Tela."

Na mirgina shi. Ya ja numfashi ta haƙora, ya damƙi gefen gadon da hagu. Daƙiƙa goma sha biyar, na ƙirga. Abin da na hana a yi masa ke nan, daƙiƙa goma sha biyar.

Na jera hotuna uku a allon fitila: tsohon, sabon na gaba, da na gefe. A na gefen babu sauran tambaya. Harsashin na cikin gaɓar, ya baje kamar an taka shi, kuma wani toka-toka ya bi zagayen gaɓar ya zana ta, kamar hayaƙi a jikin gilashin fitila. Dalma ce da ta narke. Sai na dubi na gaba guda biyu, tsoho da sabo. Na ɗora ɗaya a kan ɗaya. Wuri ɗaya.

Ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallo, kamar mai duba yadi. Na yi masa bayanin gaɓa, da ruwa, da jini, da hannu. Na gaya masa za a ba shi maganin da ke janye dalma daga jini, a yi tiyata a cire harsashin a wanke gaɓar. Ciki zai lafa. Hannu kuwa, likita ta ce yakan dawo, a hankali, wani lokaci duka, wani lokaci ba duka ba.

"Wato Mama ta yi gaskiya," ya ce, ya ɗan yi dariya. Sai ya nuna hoton da haɓa. "Matsawa ya yi ke nan? Daga tsokar ya gangaro?"

Da bakinsa ya buɗe min ƙofar. Baba ya yi tari a bayanmu.

"Bai matsa ba," na ce. "Tun ranar farko a nan yake."

"To ya aka yi likita bai gani ba?"

"Hoto ɗaya aka ba shi. Ana ɗaukar biyu. Na biyun shi ne wanda ake juya mutum."

Bai gane nan take ba. Na tsaya ina kallon fuskarsa har ya gane. Na ga lokacin da tunaninsa ya isa barandar, ya shiga ɗakin, ya ji muryar. Ya koma bayan labule. Na ji yana fama da maɓallan farar rigarsa, ya daɗe, na taka zan shiga, ya ce, "Bar shi." Ya fito maɓalli biyu a buɗe, ya gaishe da Baba cikin ladabi, ya karɓi takardar ganin likita, ya fita yana jingina ga ƙafar hagu.

Na ƙarasa aikina. Ƙirji huɗu, gwiwa biyu, wata mata da ta faɗo daga tsani. Kowannensu na juya shi.

Ƙarfe huɗu saura, ina cire rigar dalma, Mama ta kira.

"Auta, ga Telanki a falo. Ya ce za a cire! Ya ce ke kika gano, ke da kanki kika ɗauki hoton. Ban ce ba? Ban gaya miki ba? Amma Allah ya yi miki albarka, da ba don idonki ba da yaron nan ya tafi a banza. Ki zo, Kaka ta ce yau sai an tsayar da rana."

Na ce to. Ina kashewa saƙonsa ya shigo. Haruffan a hargitse, na san da hagu ya rubuta.

"Na gaya mata abin da kika gano yau. Na wancan ranar ban faɗa ba, ba nawa ba ne. Kaka ta ce in sake ba ta labarin haɗuwarmu. Na ce mata yau ke za ki bayar."

Na karanta sau uku. Babu Mai hoto a farko, babu a ƙarshe. Shekara biyar bai taɓa turo min saƙo babu shi ba.

A cikin mota na rubuta muku yawancin wannan, sauran a tsaye a ƙofar gida. Babur ɗinsa na jingine a inda ya saba. Takalmansa na bakin falo, na dama ya fi cinyewa ta gefe. Ta labule ina hango Mama ta buɗe kabad, ta fito da farantan tangaran, tana goge su ɗaya bayan ɗaya.

Kaka ta ga inuwata.

"Ga ta nan," ta ce. "Shigo, 'yar nema, zauna kusa da angona. Ki fara daga inda aka kama shi za a juya."